Yadda ake kafa darasin gine-gine da haɗa mutum-mutumi a firamare, daga karan dawa zuwa micro:bit

Tun ranar da iyaye suka zo makarantarmu a nan Garwa ta Kamaru suka ga 'yar motar da yaran CM1 (aji biyar) suka haɗa tana tafiya ita kaɗai, in ta doshi bango ta tsaya ta juya, ban huta da tambayoyi ba. Malamai daga Marwa da Ngaundare, har da wata malama daga Njamena, kowa abu ɗaya yake son ji: wane akwatin kayan haɗa mutum-mutumi za mu saya, kuma nawa ne? Abin da nake gaya musu shi ne sayen akwatin mataki na shida ne. Ni da kaina da saye na fara a shekarar farko. Na tara yara sama da hamsin a kan akwati ɗaya, uku suna taɓawa, sauran suna leƙe, kuma kafin hutun Disamba ƙananan sassan sun watse. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin iyaye ne. Ga tsarin da nake bi yanzu, daki-daki.

1. Izini, lokaci da yawan yara

Ku fara da direkta, sannan shugabannin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, tunda daga aljihun iyaye kuɗin zai fito. Idan makarantar gwamnati ce, direkta ya sanar da sufeton ilimin firamare na gundumarku. Da kuka shiga wurinsu, kada ku fara da maganar mutum-mutumi. Ku nuna musu darasin da aikin zai taimaka: awo, siffofi, kewayen da'ira, rubuta bayani da Faransanci. Uban da ya ji cewa ɗansa zai riƙe abin awo da hannunsa ya fi saurin amincewa.

Yammacin Laraba ya fi dacewa, tunda ana tashi da wuri. Awa ɗaya da rabi ta isa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ku mayar da shi safiyar Asabar.

Yara ashirin da huɗu, rukuni shida na huɗu-huɗu. 'Yan CE2 (aji huɗu) da CM1 ne suka fi dacewa. 'Yan CM2 (aji shida) suna da jarrabawar CEP ta kammala firamare a gabansu, ku sake su a zangon ƙarshe. A kowane rukuni a samu mai haɗawa, mai awo, mai rubutu, da mai kula da kaya, kuma kowane mako a juya aikin.

Hattara: idan kuka bar yara su raba aikin da kansu, za ku tarar kowane mako 'yan mata ne da alƙalami, maza ne da filaya. Ku rubuta jadawalin juyin a allo da sunan kowa, ku tsaya a kansa.

2. Makonni shida na kara da kwali

Wannan matakin kusan kyauta ne, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Yaranmu sun riga sun iya motar kara da ta langa-langa a unguwa. Abin da makaranta za ta ƙara musu shi ne awo, gwaji da rubutu.

Kayan da za a tara: kwalayen da masu kanti suka gama da su, murafen gorar ruwa, tsinken tsire, bututun shan lemo, robar ɗaure kuɗi, zare, gam, salatif, almakashi, da abin awo guda ga kowane rukuni. A Satumba da Oktoba ku yi aiki da kwali. Karan dawa sai an yi girbi, wajen Nuwamba, kuma a lokacin ku ajiye dami biyu ko uku a inuwa don sauran shekara.

Aikin da ya fi koya musu abu shi ne gada. Ku jera benci biyu da tazarar santimita 40, kowane rukuni ya haɗa gadar da za ta haye da kara ashirin da zare kawai. Sai a gwada ta da ledar ruwan sha ta rabin lita, wadda nauyinta rabin kilo ne: a ɗora ɗaya, a ƙara ɗaya, mai rubutu yana ƙirga, har gadar ta karye. Kusan duk rukuni da murabba'i suke farawa, kuma murabba'i yana karkacewa da zarar ya ji nauyi. Kada ku gaya musu maganin. Ku ba rukunin kara huɗu a ɗaure a murabba'i, da kara uku a ɗaure a alwatika, su matsa kowanne da hannu. Nan take za su ji wanda ya ƙi motsi. Mako na gaba za ku ga gadoji cike da alwatika, kuma wani zai zo ya ce muku ya ga irinta a ƙarfen rufin kasuwa ko a turken eriyar waya. Daga ranar yaron ya daina haddace sunan siffar, ya san aikinta.

Bayan gada sai mota: kwali ne jiki, bututun lemo biyu a manne a ƙasa, tsinken tsire ya ratsa cikinsu, murafen gora su zama tayoyi. A tura ta da robar da aka murɗa a kan tsinken baya, a auna nisan da ta yi sau uku, a rubuta. Motar da ke karkata gefe ɗaya, ku duba bututun biyu, galibi ba su yi daidai da juna ba.

Hattara: huda murafen gora aikin malam ne, da ƙusa mai zafi, kafin yara su zo. Reza ba ta shiga wannan ajin. Ɓawon kara ma yana yanka yatsa kamar wuƙa, ku nuna musu yadda ake ɓare shi a nesa da jiki. Bakin tsinken tsire a datse shi.

3. Tubalan roba da faifai masu haƙora

Yanzu ne za a fara kashe kuɗi kaɗan. Tubalan roba masu shiga juna ana samunsu wurin masu kayan wasan yara a babbar kasuwa, wani lokaci har a gwanjo. Ba dole sai LEGO na asali ba. Kafin ku biya, ku haɗa guda goma ku ɗaga da na sama. Idan suka zube, ku ajiye. Kuma ku sayi iri ɗaya a lokaci ɗaya, domin na kamfanoni dabam-dabam ba kullum suke kama juna ba.

Ku nemi wanda ke da faifai masu haƙora da sandunan taya, ko da ya fi tsada. Da su ake darasin da nake so ƙwarai: ƙaramin faifai mai haƙori 8 yana juya babba mai haƙori 24. A ɗiga alli a kan kowanne, yara su ƙirga. Ƙaramin zai zagaya sau uku kafin babban ya yi ɗaya. Sai a juya, babban ya ja ƙaramin, su ga gudu ya ƙaru ƙarfi ya ragu. Duk yaron da ya taɓa hawa tudu da keke ya san wannan a cinyarsa, yanzu kuma ya gan shi a lissafi.

Wani aikin mai arha: yara biyu su zauna baya da baya, ɗaya ya gina abu da tubali takwas, ya yi wa ɗan'uwansa bayani da baki har ya gina irinsa ba tare da ya gani ba. Ku bar su su yi gardamarsu da Hausa ko Fulatanci, amma bayanin ƙarshe a rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu, da Faransanci. Kalmomin hagu, dama, sama, ƙarƙashi da tsakani suna zama a kai ta wannan hanyar fiye da maimaitawa a allo.

Hattara: ƙananan sassa ba na 'yan SIL (aji ɗaya) ba ne, kuma kada a bari su bi yara gida inda akwai ƙanne masu kai komai baki.

4. Batir, fitila da ɗan inji

Daga Janairu a shiga wuta, amma ta batir kaɗai. Kowane rukuni ya samu gidan batir mai ɗaukar AA biyu, wato volt 3, da ƙananan ƙwayayen fitila na LED, da rezistans mai ohm 220 (ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga fitila), da wayoyi masu bakin kada, da ƙaramin inji mai juyawa. Ku yi abota da mai gyaran rediyo ko na DVD a unguwarku. A cikin matattun na'urorin da ke jibge a shagonsa akwai injina da maɓallai da wayoyi masu kyau, kuma in kun gayyace shi ya zo ya nuna wa yara aikinsa sau ɗaya, ba za su manta ba.

Jerin aikin: a kunna fitila, a sa maɓalli na kwali da ƙusar takarda, a gwada abubuwan da wuta ke bi da waɗanda ba ta bi (cokali, kara, tsabar sefa, roba), sannan a ɗora inji a motar kwalin da aka yi a baya. Fitilar LED tana da doguwar ƙafa da gajeriya, doguwar ce ke zuwa ɓangaren batir mai alamar ƙari. In ta ƙi kamawa, a juya ta kafin a ce ta mutu. Inji kuwa, in aka musanya wayoyinsa biyu, sai ya juya baya.

Hattara, kuma wannan ku karanta wa yara da babbar murya: ba a kusantar soket ɗin bango. Ba a haɗa bakin batir biyu da waya kai tsaye, zai yi zafi ya ƙona hannu. Ba a buɗe tsohon talabijin, domin yana iya riƙe wuta ko an cire shi daga soket. Ƙananan batura masu kama da maɓallin riga kada su shigo ajin sam. Yaron da ya haɗiye ɗaya a garzaya da shi asibiti a take, ba a jira a ga alama.

5. Ba da umurni kafin a taɓa kwamfuta

Ku zana murabba'ai shida-shida a tsakar makaranta da toka ko gawayi. Yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, ba ya yin komai sai abin da ke kan kati: gaba, juya dama, juya hagu, maimaita. Rukuninsa su jera katunan gaba ɗaya kafin ya ɗaga ƙafa, da nufin ya kai ga gora ba tare da ya taka dutse ba. Zai taka dutsen. A nan ne aikin yake: su koma kan katunan su gano wanne ne ya ɓatar da shi. Mako biyu na wannan yana rage muku wahalar wata guda a gaban kwamfuta.

Daga nan sai Scratch, manhajar kyauta da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka don yara daga shekara 8. Ana jawo umurnai kamar tubala a jona su. Akwai wadda ake saukewa ta yi aiki babu intanet, akwai Faransanci a cikin harsunanta, akwai ma Hausa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ko biyu sun isa idan rukunai suna karɓa-karɓa, sauran suna shirya umurninsu a takarda. Ku cika mata caji tun daren Talata. Wanda ya dogara da wutar ranar Laraba zai sha zaman banza.

6. Abin da za a saya, da kuɗinsa

Sefa a ɗaure take da Yuro: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ku ce 656. Don haka duk farashin da kuka gani a shagon intanet na Turai, ku ninka da 656, sannan ku ƙara kuɗin kawowa da na kwastan.

Akwatunan LEGO na makarantu irin su SPIKE suna da kyau, amma guda ɗaya ya haura Yuro 300, kusan sefa 200,000, kuma rukuni ɗaya ne zai yi aiki da shi. Ban ga dalilin da makarantar da iyaye ke haɗa kuɗin alli za ta fara da shi ba. Idan aka kawo muku tsohon akwatin LEGO mai suna Mindstorms a gwanjo, ku sani an daina yin sa tun ƙarshen 2022, abin da ya lalace a cikinsa samunsa sai an sha wuya.

Shawarata micro:bit, ɗan allon da BBC ta fito da shi don 'yan makaranta, wanda bai kai tafin hannun yaro ba. Ku nemi V2, na 2020. Yana da fitilu 25 a jere biyar-biyar, maɓallai biyu A da B, lasifika, makirfo, da abin da ke jin motsi da zafi, kuma batir AAA biyu ke kunna shi. A Turai yakan kama tsakanin Yuro 15 da 25, wato kusan sefa 10,000 zuwa 16,400. Tun kafin a sa masa taya, yara za su iya mayar da shi ma'aunin zafin aji ko mai ƙirga taku. Akwai wani allon mai suna Arduino, na kwaikwayonsa ya fi arha kuma ya fi samuwa a shagunan Duwala da Yawunde, amma wayoyinsa suna da yawa, ƙananan hannaye suna ruɗewa. Ku bar shi ga 'yan sakandare.

Ga rukuni shida, abin da ya kamata a yi oda: micro:bit uku zuwa shida gwargwadon ƙarfinku, da wayar USB da gidan batir na kowanne, jikin mota biyu da aka yi don micro:bit, mai allon tuƙa inji da na'urar jin tazara, batura masu caji na NiMH da cajarsu. Jikin motar sau da yawa ya fi allon tsada, shi ya sa biyu sun isa a fara. Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ku ɓoye shi don abin da zai lalace. Ku yi odar tun Oktoba, domin kaya daga waje sai sun sauka kudu, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko babbar mota, kafin su iso mu.

Hattara: na'urar jin tazara ta HC-SR04 ta asali volt 5 take so, micro:bit kuwa da volt 3 yake aiki. Ku tabbatar mai sayarwa ya ba ku wadda ta dace. Baturan lithium da ake cirowa daga tsoffin kwamfutoci kuma kada a ba yara. Da zafinmu suna iya kumbura su kama wuta.

7. Haɗa motar farko

Malam ya haɗa ta shi kaɗai a gida sau ɗaya, ya warware, kafin ya kawo wa yara. A aji kuma a bi wannan jerin, kada a tsallake:

Na farko, allon shi kaɗai. A buɗe MakeCode, manhajar Microsoft ta kyauta, a sa umurnin da zai nuna zuciya in an danna A. A sauke fayil ɗin, a jona allon da kwamfuta, zai bayyana kamar filashi mai suna MICROBIT, a kwafa fayil ɗin a ciki. Idan bai bayyana ba, kusan kullum wayar ce: da yawa daga cikin wayoyin cajin da ke kasuwa wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayani. Wayar da ta yi aiki ku ɗaura mata jan zare.

Na biyu, a ƙara wa MakeCode tubalan umurni na irin motar da kuka saya. Wannan yana buƙatar intanet a karon farko, don haka ku yi shi tun a gida.

Na uku, a soka allon a jikin motar da batir a kashe, fuskar da takardar kayan ta nuna. Kada a taɓa jona inji kai tsaye da micro:bit, ba shi da ƙarfin jansa, allon tuƙi ne ke wannan aikin.

Na huɗu, a ɗora motar a kan kofi yadda tayoyin ke lilo, a gwada kowace taya ita kaɗai. Sai an tabbatar duka suna juyawa gaba a sauke ta ƙasa. Ƙasa nake nufi, a kan siminti; daga kan tebur ake asarar motoci.

Na biyar, gaba na daƙiƙa biyu, tsaya. A auna. Sai murabba'i: gaba, juya, maimaita sau huɗu. Sai a ƙarshe a kawo na'urar jin tazara, wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji ta jira amsa-kuwwarsa: in tazara ta gaza santimita 15, tsaya ka juya.

A nan lissafi ke dawowa. Irin tayar nan mai launin rawaya da ake yawan samu faɗinta santimita 6.5 ne. A ninka da 3.14, a samu kusan 20.4. Yara su manna alama a taya, su tura ta zagaye biyar a kan siminti, su auna: mita ɗaya da santimita biyu. In taku ƙarama ce, su auna faɗinta su yi nasu lissafin. Na ga yarinyar da ke tsoron lissafin da'ira ta maimaita wannan awon sau uku don ta tabbatar da kanta, kuma ba wanda ya sa ta.

8. Idan ta ƙi tafiya

Za ta ƙi, kuma a nan ne malamai da yawa ke ɓata aikin: su karɓe motar su gyara, yara na kallo. Ku sa hannuwanku a baya ku yi tambaya uku: me kuka so ta yi, me ta yi, me kuka canza na ƙarshe? Doka ɗaya ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta a kayen rukuni.

Abin da aka fi gamuwa da shi: motar da ke karkata, domin injina biyu ba sa taɓa yin gudu ɗaya cif, sai a rage wa mai saurin kaɗan a cikin umurni. Allon da ke mutuwa yana farfaɗowa da zarar taya ta motsa, batir ne ya yi sanyi. Na'urar tazara da ba ta ganin labule ko hijabi, domin yadi yana shanye sautin. A gwada da kwali. In motarku mai na'urar bin baƙin layi a ƙasa ce kuma tana haukacewa a waje, hasken rana ne ya fi ƙarfin idonta, a koma cikin aji.

Kayen nan shi za ku nuna wa direkta da iyaye a ƙarshen zango: zanen farko, awon da aka yi, abin da ya ƙi, abin da aka canza. Ku ba da maki a kan kayen da bayanin da yaro ya yi da bakinsa. Idan gudun mota aka ba maki, rukunin da ya dace da sabon batir ne zai ci.

9. Ajiya

Minti goma na ƙarshe na ƙirga kaya ne, kowane mako. Kowane rukuni da robarsa mai murfi, jerin abin da ke ciki a manne a murfin, mai kula da kaya ya ƙirga ya sa hannu. A cire batura daga komai kafin a rufe, domin wanda ya kwana a ciki yana iya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na shiga haƙoran injina, don haka alluna da motoci a sa su a leda mai zif, a share su da busasshen buroshin haƙori, ban da ruwa. Akwatin ƙarfen da za a kulle su a ciki kada ya zauna kusa da taga ko dab da rufin kwano. Kafin dogon hutu a yi cajin baturan, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda damina, a ɗora kara da kwali a kan benci nesa da gara, sannan a ba direkta kwafin jerin kayan da mabuɗi na biyu.